Richmond: Garin Bakin Kogi da Doka Ta Tsare Masa Sarari

Richmond gari ne da ke gefen birnin Landan ta kudu maso yamma, a bakin Kogin Thames, kimanin kilomita 13 daga tsakiyar birnin. Nan ne ɗaya daga cikin wuraren da layin District na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake ƙarewa, kuma jirgin ƙasa mai sauri daga tashar Waterloo kan kai mutum cikin minti ashirin ko kusa da haka. Tun shekarar 1965 garin ya shiga cikin ƙananan hukumomin Landan, kuma ƙaramar hukumarsa ce kaɗai a birnin da ta haɗa gaɓoɓin kogin biyu. Mafi yawan mazaunansa a cikin Landan suke aiki, su tafi da safe su dawo da yamma. Amma abin da ya fitar da sunan garin ba gidajen kwanan ma'aikata ba ne. Fili ne, da ruwa, da itatuwa, a birnin da kowane taku na ƙasa yake da tsadar gaske. Kuma wannan fili bai tsira don masu kuɗi ba su gan shi ba. Sun gan shi, sun kuma nema, sai dai kusan kowane yanki nasa akwai shari'a ko doka ko kyautar wani da ta tsaya masa.

Wanda ya fito daga tashar jirgi ya ratsa kasuwar garin, abin da zai fara tararwa shi ne wani dandali mai ciyawa da tsoffin gidajen jan bulo suka kewaye. A nan ne fadar sarakunan Ingila ta taɓa tsayawa. A da sunan wurin Sheen. Gobara ta cinye tsohuwar fadar a 1497, Sarki Henry na Bakwai ya sake gina ta, ya raɗa mata Richmond a 1501, sunan sarautar da ya riƙe kafin ya hau gadon mulki. A cikinta ya rasu a 1509, a cikinta kuma jikarsa, Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ta rasu a 1603. Bayan da aka kashe Sarki Charles na Ɗaya a 1649, sai aka sayar da fadar, aka rushe ta, aka kwashe duwatsun. Abin da ya rage a yau bai wuce ƙofar shiga da ɗan wani sashe na gini ba. Dandalin da mahaya suka riƙa gwada bajinta a kan dawaki a gaban sarki, yanzu ƙwallon kurket ake bugawa a cikinsa a lokacin zafi, iyalai kuma su shimfiɗa mayafi su ci abinci.

Daga dandalin, 'yan lunguna ne ke gangarawa bakin ruwa. Kogin Thames tsawonsa kilomita 346 ne, kuma a Richmond bai kai faɗin Neja a Jebba ko Binuwai a Yola ba ko kusa. Abin da ya bambanta shi da kogunan da aka saba gani a ƙasar Hausa shi ne yana cika yana janyewa sau biyu a kowace rana, domin tasirin teku yana hawowa cikinsa har madatsar Teddington, 'yan kilomitoci gaba da Richmond. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin da wata ya cika, ruwan kan tumbatsa ya haye hanyar gaɓa, ya shanye kujerun zama. Mutanen gari sun san jadawalin, suna kuma tsara fitarsu da shi. Baƙo ne kan ajiye mota a bakin ruwa ya tafi yawo, ya dawo ya tarar ruwa ya kai mata wuya, duk da allunan gargaɗin da aka kakkafa.

Gadar Richmond, wadda aka gina da farin dutse tsakanin 1774 da 1777, ita ce mafi tsufa cikin gadojin Thames da suka rage a Landan. Kafin ita jirgin fito ne ke ƙetarar da mutane da dabbobi. Yadda aka tara kuɗin gininta abin ji ne. Mutane suka sayi hannun jari, ana raba musu kuɗin da masu ƙetarawa ke biya. Tsarin ya yi kama da adashi, sai dai a wannan adashin idan mutum ya mutu rabonsa ba ya zuwa ga magada, yana komawa ne ga sauran da ke raye, har ya zamana na ƙarshe shi ke kwashe duka. Da na ƙarshen ya rasu a 1859 sai aka daina karɓar kuɗi, gada ta zama ta kowa. An faɗaɗa ta a ƙarshen shekarun 1930 saboda motoci, amma aka mayar da duwatsun fuskarta yadda suke. A kusa da ƙafafunta har yanzu akwai masu sassaƙa jiragen katako, ana kuma bayar da hayar kwalekwale ga mai son ya tuƙa da kansa.

Ƙasa da gadar kaɗan akwai wata madatsa mai ƙofofin ƙarfe uku da gadar ƙafa a samanta, wadda aka buɗe a 1894. Dalilin yin ta shi ne, bayan da aka rushe tsohuwar Gadar Landan a farkon shekarun 1830, wadda ƙafafunta masu kauri suke tare ruwa, sai kogin ya riƙa zurarewa da sauri idan teku ta janye, har a Richmond ya koma ɗan rafi tsakanin taɓo mai wari. Yanzu ana sauke ƙofofin su riƙe ruwan, a ɗage su na kimanin awa biyu kafin cikar ruwa da awa biyu bayanta domin jirage su wuce. Sau ɗaya a shekara, yawanci a watan Nuwamba, akan bar ƙofofin a ɗage na 'yan makonni domin gyara. A lokacin ne gindin kogi ke bayyana, masu aikin sa-kai su shiga kwashe shara, masana kuma su ƙirga halittun da ke cikin taɓon. A 1957 an ayyana Thames na cikin Landan a matsayin kogin da ya mutu saboda ƙazanta. A yau akwai kifi fiye da iri 100 a cikinsa, ga zalɓe yana tsaye a bakin ruwa yana jiran rabonsa. A watan Mayun 2021 ma wani ɗan kifin whale ya ɓato hanya daga teku ya maƙale a wannan madatsa. Ba a dai yi nasarar ceto shi ba. Dawowar kifi ba ta nufin kogin ya rabu da matsala, domin idan aka yi ruwan sama mai yawa, ruwan ƙazanta na birni kan malalo cikinsa, abin da ya daɗe yana jawo ce-ce-ku-ce a Birtaniya.

Daga gada hanya ta miƙe ta hau Tudun Richmond, ta gefen wani lambu mai gangara da aka buɗe wa jama'a a 1887. A saman tudun akwai doguwar farfajiya mai kujeru, kuma daga nan ne ake hango abin da garin ya fi tinƙaho da shi: kogi ya yi lanƙwasa tsakanin itatuwa, ga ɗan tsibiri a tsakiya, ga fadama da shanu a ƙasa. Manyan masu zanen Ingila irin su Turner da Joshua Reynolds sun zana wannan wuri, Reynolds ma gida ya gina a kan tudun. Wani Bature mai suna William Byrd, da ya tsaya a bakin Kogin James a Amurka, ya ga wurin ya tuna masa da nan, shi ya sa babban birnin jihar Virginia ya samu sunan Richmond a 1737.

A ƙarshen ƙarni na 19 saura ƙiris a rasa wannan kallo. Mai ɗan tsibirin nan, wani ɗan jirgin ruwa da ake kira Joseph Glover, ya yi barazanar sayar da shi ga kamfanin sabulu domin a kafa ƙaton allon talla a tsakiyar kogi, sai wani attajiri mazaunin tudun, Max Waechter, ya saya a 1900 ya miƙa wa hukumar gari. A ɗaya gaɓar kuma, an riga an fara yanka hanyoyi a filin Marble Hill domin gina gidaje. Jama'a suka tashi tsaye, hukumomi da masu hali suka haɗa kuɗi aka saye filin. A 1902 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar da ta hana gini a filayen Richmond da Ham da Petersham da ake hangowa daga tudun. Shi ne kaɗai kallo a duk Ingila da majalisa ta yi wa doka ta musamman. Abin lura a nan shi ne, ba gini aka kare ba, ba kabarin wani sarki ba. Abin da ido ke gani daga wuri guda aka ɗauka a matsayin dukiyar jama'a. Saboda wannan doka ne har yau ake kiwon shanu a fadamar Petersham a watannin zafi, a cikin birnin da ke da mutum kusan miliyan tara.

Mai sha'awar tafiyar ƙafa zai iya gangarowa ya bi hanyar gaɓa, wadda a da dawakai ke bi suna jan jiragen kaya, har zuwa Ham House, wani gidan manya da aka gina a 1610 mai lambuna irin na ƙarni na 17. Daura da shi a tsallake akwai farin gidan Marble Hill na shekarun 1720. Tsakaninsu ɗan jirgin fito ne ke kai da kawowa da masu ƙafa da masu keke, tun farkon ƙarni na 20. Shi ma sai da ya sha shari'a, domin mai tsohon fiton Twickenham ya kai ƙara cewa an shiga masa hurumi, magana ta kai har majalisar dattawan Birtaniya, wadda a 1915 ta ba sabon ɗan fiton, Walter Hammerton, gaskiya. Har yanzu da sunansa ake kiran fiton.

Babban abin kallo dai shi ne gandun dajin Richmond, wanda ƙofarsa ke ƙarshen tudun. Faɗinsa ya kusa hekta 1,000, kuma shi ne mafi girma cikin gandayen sarauta takwas na Landan. Sarki Charles na Ɗaya ne ya ƙauro Richmond a 1625 yana gudun annobar da ta ɓarke a birni, wurin ya yi masa, sai ya ƙudura mayar da shi dajin farauta. A 1637 ya kewaye shi da katangar bulo mai tsawon kilomita 13, ya haɗa da gonakin mutane da makiyayarsu, wasu sun sayar da son rai, wasu kuwa dole ce ta sa. Don ya kwantar da hankula ya bar wa talakawa damar ratsawa da ƙafa da tsintar itacen wuta.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Gimbiya Amelia, 'yar Sarki George na Biyu, ta karɓi ragamar kula da gandun a 1751, ta rufe ƙofofi, sai wanda ta ba takardar izini. Aka yi ta koke, ba ta saurara ba. Wani mai sana'ar dafa giya a garin, John Lewis, ya je ƙofa da shaidu, mai gadi ta hana shi shiga, ya kai ƙara. A 1758 kotu a Kingston ta yanke cewa jama'a na da haƙƙin ratsawa. Da aka ba shi zaɓi tsakanin ƙofa da tsani, sai ya zaɓi a kafa tsani a kan katanga, domin ƙofa ana iya wayar gari a ga an sa mata kwaɗo. Talaka ya kayar da 'yar sarki a gaban alƙali, a kan hanyar ƙafa. Ba a jima ba gimbiyar ta ajiye muƙamin.

A cikin gandun akwai bareyi kimanin 600 da ke yawo sake, iri biyu: manya jajaye waɗanda mazansu ke da ƙaho mai rassa, da ƙanana masu ɗigo-ɗigo a jiki. Su ne suka ba dajin kamanninsa. Suna cinye duk wani tsiro da ganyen da bakinsu ya kai, shi ya sa ƙasan itatuwa yake a share, mutum ya hangi nesa ta ƙarƙashin rassa. Da yake babu namun dajin da ke cin su, hukumar gandun kan rage yawansu da bindiga sau biyu a shekara, a Nuwamba da Fabrairu, a sayar da naman. Wasu masu kare haƙƙin dabbobi na adawa da hakan, amma hujjar hukuma ita ce garke in ya fi ƙarfin makiyaya, yunwa da cuta za su yi aikin da ya fi na bindiga muni. Ganin su kusa da mutane kan sa baƙo ya ɗauka na gida ne. Ba na gida ba ne. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin barbara, maza kan yi ruri suna karo da ƙaho, daga Mayu zuwa Yuli kuma mata na da 'ya'ya a ɓoye cikin ciyawa, suna iya far wa mutum ko karensa. Ƙa'ida ita ce a bar tazarar mita 50, kuma haramun ne a ba su abinci. Masu neman hoto da waya su ne suka fi karya wannan ƙa'ida.

Akwai tsoffin itatuwan oak fiye da dubu a gandun, wasu sun girmi katangar kanta, ɗaya ana ƙiyasta ya kai shekara 750. Reshe in ya faɗi ba a ɗauke shi, ana barinsa ya ruɓe a inda yake, domin a cikin ruɓaɓɓen itace ne ƙwari iri fiye da dubu suke rayuwa, abin da ya taimaka aka ayyana wurin a matsayin gandun adana halittu na ƙasa a shekarar 2000. A kan rassan kuwa hayaniyar wasu korayen tsuntsaye masu jan baki da doguwar wutsiya ce ke tashi. Duk wanda ya san dajin arewacin Najeriya da kudancin Nijar zai gane tsirya. Ba 'yan ƙasa ba ne, zuriyar waɗanda suka kuɓuce daga keji ne, asalin mafi yawansu daga yankin Indiya, suka jure sanyi suka yaɗu dubbai a wannan sashe na Landan.

Kusa da ƙofar tudu akwai wani ɗan tsauni da ake kira Tudun Sarki Henry. Daga kansa, ta cikin wata kafa da aka yanka a tsakanin itatuwa tun 1710, ana hango ƙubbar majami'ar St Paul da ke tsakiyar Landan, nisan kilomita 16. Dokar tsara birni ta hana a yi dogon ginin da zai tare wannan layi. Duk da haka a 2016 aka ga wani dogon bene da ake ginawa a Stratford, can gabashin birni, ya leƙo ta bayan ƙubbar, domin dokar ba ta kai can ba. An yi ƙorafi, amma gini ya riga ya tashi. Gefen tsaunin akwai Pembroke Lodge, gidan da Sarauniya Victoria ta ba firaminista Lord John Russell a 1847, inda jikansa, masanin falsafa Bertrand Russell, ya tashi; yanzu wurin shan shayi ne. A can tsakiyar daji kuma akwai lambun Isabella, wanda aka buɗe a 1953, furanninsa kan fito gaba ɗaya a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Masu keke da masu gudu suna da hanyar da ta zagaye gandun, kimanin kilomita 12.

Ta arewacin garin, a bakin kogin dai, lambun Kew yake. Gimbiya Augusta ce ta fara shi a 1759, ya koma hannun gwamnati a 1840, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003. Faɗinsa ya haura hekta 130. A ciki akwai ƙaton ɗakin ƙarfe da gilashi na shekarun 1840, mai zafi da gumi, inda kwakwar manja da ayaba da koko suke girma ana tsakiyar hunturu a waje, har da wani tsiro da aka kawo daga Afirka ta Kudu a 1775 yana nan da ransa a cikin tukunya. Akwai hasumiya irin ta Sin mai hawa goma da aka gama a 1762, da wata gadar ƙafa mai tsayin mita 18 da ke bi ta cikin kawunan itatuwa.

Kew ba wurin shan iska kawai ba ne, kuma tarihinsa ba furanni zalla ba ne. A zamanin mulkin mallaka shi ne cibiyar da ake tattaro tsirrai masu kawo kuɗi daga wata nahiya a kai wata. A 1876 aka kawo irin itacen roba kimanin 70,000 daga Brazil, aka tsirar da abin da ya tsira, aka aika Sri Lanka da Malaya, abin da daga baya ya karya kasuwar robar Brazil. Haka aka yi da itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, maganin zazzaɓin da ya sauƙaƙa wa Turawa shiga cikin Afirka. Charles Barter, masanin tsirrai da ya biyo ayarin wani Bature mai suna Baikie zuwa Kogin Neja a 1857, ya yi ta aika samfura Kew kafin ya rasu a Rabba, ƙasar Nupe, a 1859. Daga baya likitan gwamnatin mallaka a arewacin Najeriya, John Dalziel, ya tattara sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa ya wallafa su a 1916, sannan ya zauna a Kew tare da John Hutchinson suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma, ya kuma biyo da wani a 1937 kan amfanin da mutane ke yi da su wajen abinci da magani da sana'a. Ilimin da ke cikin waɗannan littattafai na manoma ne da makiyaya da masu maganin gargajiya, kuma har yau masu nazarin tsirrai suna komawa gare su. Busassun samfuran da aka tsinko daga ƙasar Hausa suna cikin fiye da miliyan bakwai da ke ajiye a ma'adanar Kew.

Garin yana da nasa aibin. Yana ƙarƙashin hanyar jiragen sama masu sauka a filin Heathrow, don haka a ranakun da iska ke kaɗawa daga yamma, kusan kowane minti biyu sai jirgi ya wuce ta sama da ƙara. Gidaje kuwa suna cikin mafi tsada a Birtaniya, kuma filayen da aka hana ginawa suna cikin dalilan tsadar, don haka da yawa daga cikin masu share tituna da masu aikin shaguna daga wasu unguwanni suke zuwa. Ranar da ake wasan zari-ruga a filin Twickenham mai ɗaukar mutum 82,000, a tsallaken kogi, tasha da tituna kan cushe.

Mai niyyar zuwa ya lura da lokaci. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara, kuma ana rufe wa motoci ƙofofin gandun da faɗuwar rana. A watannin zafi akwai jiragen ruwa masu kai fasinja daga Richmond zuwa fadar Hampton Court. Lambun Kew, wanda daga 1916 har zuwa 1971 kuɗin shigarsa bai wuce 'yan kwabbai ba, yanzu tikitin babba ya haura fam 20, Ham House ma ana biya. Bakin kogi da tudu da fadamar Petersham da filin Marble Hill da gandun daji kuwa, ba a karɓar ko sisi.